Waƙar da Inna Ta Zo da Ita daga Damagaram

Sau ɗaya tak mahaifiyata ta taɓa shiga gidan sinima, kuma ciwon haƙori ne ya kai ta.

Ina ƙarama a lokacin, ban shiga lakwal ba tukuna, wato makarantar boko. Ƙauyenmu ba shi da nisa da Gangara, kuma wannan shekarar Allah ya ba Damargu hatsi, har Baba ya ƙara rumbu. Ana gama ɗaukar amfanin gona sai haƙorin Inna ya tashi. Ta sa kanumfari, ta sa jar kanwa, wanzami ya duba ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Kuncinta ya kumbura har tuwo ya gagare ta. Baba ya sa ta a motar kasuwa suka nufi gidan likita a Damagaram, aka bar ni da ƙanena wajen Kaka, uwar Baba.

Sun sauka gidan ƙanen Baba, tela ne a birni. Matarsa ƴar birni ce, fim ɗin Indiya ba ya wuce ta. Da aka cire haƙorin, ita ce ta dage sai Inna ta ga abin da ake gani kafin ta koma ƙauye. A zamanin nan matar aure irin Inna ba ta taka wannan wuri, in aka ji a garinmu magana ce ta shekara. Baba dai ya ce ta lulluɓa sosai. Bayan magariba matan suka yi gaba, shi kuma ya bi su a baya kamar bai san su ba.

Inna ta dawo mana da alewa da ɗan kwalin kai, da gurbin haƙori, da waƙa.

Labarin ya fara fita ne a wajen daka, a hankali, ga matan da ta yarda da bakinsu. Ta ce bango ne fari, sai ga mutane a jikinsa manya kamar raƙuma. Ta ce akwai wata mace mai gashi har gadon baya, tana tsaye cikin wata gona kore shar, ruwan sama yana zuba a kanta tana waƙa. Ta ga kuma wata doguwar mota mai hayaƙi da aka ce mata jirgin ƙasa ne, ta ɗauke mijin matar ta tafi da shi. Abin da ya fi ba Inna mamaki shi ne ruwan.

"Ruwa kamar da bakin ƙwarya," in ji ta, "amma ba wanda ya ruga ya ɗauko iri."

Waƙar kuwa ta zauna mata a kai daram. Ba ta san ma'anar kalma ko ɗaya ba, sautin kawai ta kama, tana jera shi yadda kunnenta ya ba ta. Muryar takan hau sama siririya, ta ɗan yi rawa a can, sannan ta gangaro. Ba mu da waƙa mai irin wannan gangara. Ranar da Kaka ta fara jin ta, tana zaune tana kaɗi, sai ta ajiye mazarin.

"Ke, wane yare ne wannan kike yi mini a kan turmi?"

"Waƙa ce, Iya."

"Ta su wa?"

"Ta mutanen Indiya."

"Kin san abin da take cewa?"

Inna ta ce ba ta sani ba.

"To ba a gidan ɗana ba. Ki yi ta kiran abin da ba ki sani ba, wata rana ya amsa miki. In waƙa za ki yi, ki yi ta da bakin da nake ji."

Inna ba mai musu da uwar miji ba ce. Ta bar rerawa kwanaki, sai wata safiya muka ji waƙar ta dawo da Hausa a bakinta:

Ruwa ya sauko, ban ɗauko ƙwarya ba,
zanena ya jiƙe, ban koma ɗaki ba.

Kaka ta saurara har ƙarshe, ta ce shirme ne, amma shirmen da ta ji, ta ɗauki mazarinta.

Ni ce ƴar fari, don haka Inna ba ta faɗin sunana, ba ta zama da ni a gaban mutane, in za ta aike ni "ke" take cewa tana kallon wani wuri. Haka ake yi, ban taɓa ɗaukar sa ƙiyayya ba. Amma yaro yana son muryar uwarsa, kuma ni ba na samun tata sai guntu-guntu. Waƙar nan ce ta ba ni ita da tsawo. In ta fara daka sai in laɓe bayan rumbu da ɗiyar karana, in yi kamar wasa nake, ina sha.

Kafin damina ta zagayo, matan unguwarmu duk sun ɗauka. Ta dace da lugude, in mata uku suka haɗu a turmi ɗaya, inda muryar ke hawa nan ake jefa taɓarya sama a tafa. Kowace ta ƙara nata baiti, wata ta yi wa mijinta zambo a ciki, wata ta yabi ɗanta. Baba mutum ne mai kunya, ba ka jin sa yana waƙa, amma na sha kama shi yana yin ta a hanci in yana gyaran danga. Da ya ga ina kallon sa sai ya mai da ita tari.

A wannan shekarar aka buɗe lakwal a garinmu, aka kawo mana mushe, wato malamin makaranta, daga wajen Maraɗi. Shi da matarsa Kirista ne, su kaɗai a garin. Madam, haka kowa ke kiran matar, ta shaƙu da Inna a bakin rijiya. Wata ranar Lahadi muna wucewa bayan gidansu, suna sujada su da ƴaƴansu, sai muka ji muryar waƙarmu tana fitowa ta saman danga, da wasu kalmomi na godiya ga Ubangiji. Inna ta tsaya da tulu a kai. Da suka haɗu washegari ta ce, "Madam, ashe sata kike?"

Madam ta yi dariya ta ce, "Aro na yi, ƴar'uwa. Ke ma ai ba a gonarku ta tsiro ba."

Daga nan sai ruwa ya ɗauke. Damina ta zo ta wuce, hatsi ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Ta bayanta ta fi ta muni. Muka cinye rumbun da Baba ya ƙara, muka cinye na da. Mata suka koma ɗibar anza, ƴaƴan wata bishiyar daji, a jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita, da kakkaɓar ƙarangiya don ƙwayar cikinta. Makiyaya suka gangaro daga arewa ba dabbobi, suka kafa bukkoki a gefen gari. Maza suka fara tafiya, wasu kudu, wasu arewa. Baba ya ji ana ɗaukar leburori a Arlit, can gaba da Agadas, ya ce zai gwada.

Da hantsi ya tafi, a bayan wata babbar mota. Ya dafa kaina, ya dafa na ƙanena, ya durƙusa gaban Kaka ta sa masa albarka. Inna ba ta fito ba. Tana cikin ɗaki tana gyara abin da ba ya buƙatar gyara.

Ba a daɗe ba waƙar ta sauya. Ba abin dakawa sosai, sai jar dawar taimako in an samu, don haka ta bar turmi ta koma hanyar daji da bakin rijiya, inda mata ke jiran guga ya taso daga ƙasa mai nisa. Ta rage sauri. Baitocin zambo suka faɗi da kansu, Inna ta sa wani:

Mai tafiya arewa, in ka ga hadari,
ka ce masa Damargu tana nan inda ya bar ta.

Ba ta taɓa cewa da Baba take ba, kuma ba wanda ya tambaye ta. Rabin matan da ke amsa mata nasu mazan ma sun tafi. Akwai wata Buzuwa daga kwarin Tarka da ke zuwa gidanmu tana taya Inna aiki, a raba abin da aka samu. Mijinta ya bi sauran raƙumansu bai dawo ba. Hausarta kaɗan ce, amma ta kama muryar, ta zuba mata Tamajak. Sai su zauna su biyu suna wankin anza, wannan ta yi da bakinta, waccan ta amsa da nata. Da ruwa ya dawo danginta suka zo suka tafi da ita, ba mu sake ganin ta ba.

Baba bai dawo tare da ruwan ba. Saƙonsa dai yana zuwa ta bakin direbobi, da ɗan sukari da shayi da dabino: yana lafiya, a gaida Iya, a yi haƙuri. Inna da ƙanena da ni muka yi noma iya ƙarfinmu. Na yi tsawo, na iya karatun Faransanci, na fara manta yadda tafiyarsa take. In mota ta tsaya a bakin gari ƙanena yakan ruga, ni kuwa na daina.

Ina ajin ƙarshe na lakwal ya dawo. Ya rame, gemunsa ya yi furfura, yana rungume da wani abu a cikin tsumma kamar jariri. Da aka gama gaisuwa da koke-koke, ya kwance. Rediyo ce mai cin kaset, wadda muke kira manyeto. Ya zaro kaset ɗaya daga aljihun gabansa ya ce wa Inna, bai dube ta ba, "Na samo miki waƙarki."

Daga baya ya ba mu labarin yadda ya same ta. A kasuwar Agadas ya tarar da mai sai da kaset, tebur cike. Bai san sunan fim ɗin ba, bai san sunan waƙar ba. Mai kaset ya ce to sai dai ya rera. Baba, da furfurarsa, ya tsaya tsakiyar kasuwa ya rera waƙar Indiya, samari suna dariya. Aka yi ta sa kaset ana cirewa, ba ita ba. Har ya juya zai tafi, sai wani tsohon direba da ke shan shayi a gefe ya ce, "Sake yi in ji." Baba ya sake. Direban ya ce ai wannan tsohuwa ce, tun yana saurayi ya gan ta a Kano, ya faɗa wa mai kaset inda zai duba.

Da la'asar aka shimfiɗa tabarmi a gindin aduwar ƙofar gidanmu. Mata suka cika wurin, har Madam, maza suka tsaya nesa kaɗan kamar ba abin ya kawo su ba. Baba ya jera pil, wato batir, ya danna.

Kiɗa ya fara, da kayan kiɗan da ba mu san su ba, da sauri, da annashuwa. Mace ta shigo da siririyar murya, ta hau inda muka san ana hawa, amma kafin mu gangaro tare da ita har ta wuce. Sai kuma ga muryar namiji, ya karɓa, ta mayar masa, ya sake karɓa, a wani wurin har dariya suke. Matan suka dubi juna. Wata ta ce tana kama da ita dai. Wata ta ce wannan ai gudu take kamar an biyo ta. Kaka, wadda idonta ya riga ya tafi amma kunnenta na nan, ta ce, "An cuce ka, ɗana. Wannan ba waƙar gidan nan ba ce."

Aka yi dariya. Baba ma ya yi, amma na ga fuskarsa. Inna kuwa tun waƙar ba ta ƙare ba ta tashi ta shige madafa. Ina can ina hura wuta lokacin da Baba ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, wurin da ban taɓa ganin ya tsaya ba.

"Ba ita ba ce?"

"Ita ce, Malam."

"To me ya tashe ki?"

Inna ta juya muciya a tukunyar da ba komai cikinta sai ruwa. Ta ce, "Na manta akwai namiji a ciki. Shekarun nan duk ni kaɗai nake yin ta. Na manta yana amsa mata."

Baba ya ce, "Ni ban manta ba." Sai ya yi ƙasa da murya ya rera wurin namijin, da yaren da shi ma bai sani ba, muryarsa tana karyewa a inda ake hawa. Inna ta ja bakin mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, ban san ko dariya ba ce ko kuka.

"Malam, yarinya tana nan," in ji ta.

Na ajiye mafici na fita da gudu.

Shekarun da suka biyo baya su ne nake komawa cikinsu in na rufe ido. Ba wani abin kirki da ya faru. An yi ruwa, an yi hatsi, Kaka ta rasu cikin ƴaƴanta da jikokinta. Manyeton yana rataye a ɗakin Inna cikin rigar da ta ɗinka masa, ba a kunna shi sai da salla ko suna, pil ɗin kuwa a shanya su a rana wai su ƙara ƙarfi. Zafi ya sa zaren kaset ɗin ya saki, muryar matar ta yi nauyi, ta rage gudu, har wata maƙwabciyarmu ta ce to yanzu ta fara koyon waƙar. Ranar da manyeton ya tauna zaren gaba ɗaya ba wanda ya damu sosai. Mata sun ci gaba da tasu a turmi.

Na tafi kwaleji a Tanut, daga nan makarantar horon malamai a Damagaram. Ina can fari ya sake dawowa. Wannan karon Baba ya ce ba inda za shi, ya ga abin da tafiya take ci. Ya ba da manyeton aka ba shi hatsi, suka lallaɓa da anza da abin da nake aikowa, suka fita. Damina ta gaba ta yi kyau. Hatsi ya fid da kai, Baba ya kwanta da zazzaɓi, kwana kaɗan ya cika. Kafin saƙo ya same ni in iso, an riga an kai shi.

Inna ta yi takaba ta fita. Ta koma daka, ta koma rijiya, tana gaisawa da kowa, amma ban sake jin ta rera waƙar ba. In wasu mata suka ɗauko ta a turmi ba ta hana su, takan ci gaba da dakanta ne kawai, bakinta a rufe.

Aikina na farko a Belbeji aka kai ni. Wata rana yara sun fita shan iska, ina cikin aji ina goge allo, sai na ji ƴan mata sun yi da'ira suna gaɗa. Da tafi, da tsalle, da faɗawa hannun juna, suna cewa a gaya wa hadari Damargu tana nan inda ya bar ta. Na fito da alli a hannu na tambaye su wa ya koya musu. Ɗaya ta ce, "Waƙar kakanni ce, Madam." Wata ta ce a'a, ta Buzaye ce, uwarta a Tarka ta ji ta, Hausawa ne suka juya ta. Wani abokin aikina Kirista da ke tsaye ya ce shi dai tun yana yaro suke yin wannan murya a sujada, ya ɗauka tasu ce. Na buɗe baki zan ce uwata ce, da kumburarren kunci, ta ɗauko ta a motar kasuwa. Sai na ga ba wanda zai gane abin da nake nufi. Na ce su ci gaba da wasansu, na koma aji na rufe ƙofa.

Da hutu ya zo na biya ta Damagaram, matar ƙanen Baba ta ce mini an dawo da tsohon fim ɗin nan, in zo mu je. Ya tsufa ƙwarai, duk zane-zane a jikinsa, yana tsinkewa ana ihu ana ɗaurawa. Amma ga gonar, ga ruwan, ga matar. Akwai fassarar Faransanci a ƙasa, don haka a ranar na san abin da waƙar ke cewa. Ba kiran wanda ya tafi ba ne. Tsiya take yi wa namijin wai ya makara, shi kuma yana kawo hujjojin ƙarya, tana ƙin yarda. Ko aure ba su yi ba a lokacin, jirgin ƙasan ma sai can gaba yake zuwa. Wadda ke kusa da ni ta ce muryar ma ba ta matar da muke gani ba ce, wata ce dabam ke rerawa a ɓoye, ita wannan baki kawai take motsawa. Duk gidan sinima ya ɗauka, samari suna bin namijin, suna buga benci. Ni kaɗai ce ke kuka a wurin da kowa ke dariya.

Na isa gida na tarar da Inna a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Na zauna na ja ƙwaryar gabana. Mun daɗe muna ɓara kafin na ce mata na ga fim ɗin.

Hannunta ya tsaya. Ba ta tambaye ni ma'anar waƙar ba, ni ma ban faɗa ba. Ta ce, "Har ƙarshe kika gani?"

"Har ƙarshe, Inna."

"Mu ba mu ga ƙarshen ba. Babanki ya aiko yaro ya ce mu taso kafin a kunna fitilu, kada wani ɗan garinmu ya gan ni." Ta murza gyaɗa ɗaya a tafin hannu, ta hure ɓawon. "Wanda jirgin ya tafi da shi. Ya dawo?"

Sai a lokacin na lura, duk shekarun nan ba ta taɓa ba mu ƙarshen labarin ba, mu kuma ba mu taɓa tambaya ba.

Na ce, "Ya dawo. Ya sha wuya, har kurkuku ya shiga, amma ya dawo. Ta jira shi, aka yi biki."

"Ya same ta da rai?"

"Da ranta, da lafiyarta."

Inna ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce, "To, madalla. Allah ya kyauta." Ta tura mini sauran gyaɗar, ta ce in ƙarasa kafin la'asar, ita za ta je ta kwanto akuya.